Layi Uku na Keken Ɗinkin Mama

Kafin ku ci gaba da zagina, ku bari in kai aya. Na karanta duk abin da kuka rubuta min a ƙasa wancan karon. Wata ta ce ba ni da godiya. Wata ta ce idan na gaji da Severi in turo mata lambarsa. 'Yar'uwa, lambar tana nan, sai dai ki sani ba shi kaɗai ake bayarwa ba, da uwa biyu yake zuwa: tasa da tawa.

Ga waɗanda yau suka fara leƙowa, sunana Vilja, ina shekarar ƙarshe a karatun injiniyan lantarki a birnin Oulu, can arewacin ƙasarmu. Severi saurayina ne tun muna sakandare, ƙauyenmu ɗaya. Shi fannin injuna ya karanta, ya gama bara, ya koma masana'antar gidajen katako ta babansa. Ba ya ɗaga murya, ba ya sha ya faɗi, kuma yana canza min tayoyin hunturu tun kafin in roƙa. A ƙauyenmu idan namiji ya haɗa waɗannan, ba a tambayar mace ko tana sonsa, rana kawai ake tambayarta.

Ya riga ya fara gina gidanmu a bakin tafki, a filin da babansa ya yanka masa. Tagar kicin ɗin tana kallon tagar kicin ɗin Mama ido cikin ido. Ba a tambaye ni ko ina son komawa ƙauye ba. An dai tambaye ni kalar tayil.

Wannan zangon aka saka ni a ajin koyon shugabanci na ɗaliban injiniya. Malaminmu Rauno, dattijo mai gemu da rigar sanyi guda ɗaya tal, a iya sanina bai taɓa shugabantar komai ba sai ƙungiyar masu kamun kifi a ƙanƙara ta unguwarsu, su ma suka sauke shi. Duk mako yakan haska mana magana ɗaya a bango, ya tsaya yana kallonta kamar yau suka fara haɗuwa. SAURARO. HAƘURI. MIƘA RAGAMA. Ƙarshen darasin shi ne tafiya Helsinki, babban birnin ƙasa a can kudu, mu ga Majalisa, mu zaga kamfanoni, mu dawo mun zama shugabanni. Ni aka zaɓa jagorar tafiyar, saboda lokacin da aka kaɗa ƙuri'a na fita banɗaki.

Amma ni da abin da zai kai ni Helsinki. Ranar Talata, bayan Majalisa, ina da intabiyu a wani kamfani da ke kafa injinan iska a cikin teku. Aikin da nake mafarki tun ina shekarar farko. Da na gaya wa Severi, cewa ya yi, "Je ki mana, ai gogewa ce," da irin muryar da ake sallamar yaro zuwa wasan ninƙaya.

Yanzu sai maganar haalari. Ku da ba ku yi karatu a cikinmu ba, kuna ganinsa kuna cewa kayan makanikai ne, riga da wando a haɗe. Ba ku yi ƙarya ba. Amma kowane sashe da kalarsa, namu na lantarki shuɗi, na su Severi ja, kuma ba a wanke shi. Idan wari ya ishe ka, ka faɗa kogi kana cikinsa, wannan ya halatta. Duk bajon da ke jikinsa da hannunka za ka ɗinka. Duk wanda ya sa maka hannu da alƙalami ya zauna ke nan. Idan kuma soyayya ta yi nisa, sai ku yanke ƙafar wando guda ku yi musaya, kowa ya ɗinka ta masoyinsa a nasa, da hannunsa, ba da na wani ba. Duk wanda ya ga mace cikin shuɗi da jar ƙafa ɗaya ya san ba sai ya ɓata yawunsa ba.

Mu a shekara ta biyu muka yi tamu, a kicin ɗin ɗakin kwanansu, da almakashin yanka kifi. Ni na ɗinka jar ƙafarsa da baƙin zare. Shi ba shi da zare, sai ya ciro na fatsarsa, irin mai sheƙin nan. Ya soki yatsa har jini ya ɓata kujera, ɗinkin ya tafi a karkace kamar sawun mashayi a dusar ƙanƙara. Na ce ya kawo in taya shi. Ya janye ya ce, "Tawa ce, ni zan ɗinka." Idan kuna neman ranar da na so Severi da gaske, ita ce wannan. Ku riƙe ta, za mu dawo kanta.

Ranar Lahadi, jajibirin tafiya, ina gida na je ɗaukar takalman sanyi.

"Mama, ina haalarina? A jaka na bar shi."

"Yana sauna, yana shan iska."

Ban so yadda ta ce "shan iska" ba. Na buɗe ƙofar sauna, ɗakin wankan tururinmu, sai ga shi rataye, yana ƙamshin lemun tsami, an goge shi har da kari. Sa hannun abokaina na shekara huɗu ya zama inuwa. Kyanwar da ƙawata Pihla ta zana min a baya ta koma kamar tabon miya. Na sunkuya na duba gwiwa. Baƙin zarena babu shi. A madadinsa farin zare ne, na keke, layi uku a jere, miƙe kamar titin jirgin sama, da ɗan kai-da-komowar nan da Mama take yi a ƙarshen kowane ɗinki don kada ya kwance ko bayan ranta.

"Mama! Me kika yi?"

"Taimako na yi. Ɗinkin nan naki, ko buhun dankali ba a yi masa haka."

"Ba a wanke shi!"

"Na lura. Ruwan farko da ya fito, ko kare ba zai shinshina ba."

"Doka ce, Mama."

"Dokar wa? Ta 'yan giya? Za ki tsaya a gaban Majalisar ƙasa a ɗauke ki hoto, kina so mutanen kudu su ce daga daji kika fito?"

"Ai daga dajin na fito."

"To ba sai an gani ba. Zo ki sha gahawa, burodi ya fito."

A gidanmu duk faɗa da gahawa yake ƙarewa. Ba wai don an shirya ba, don tana hucewa ne. Keken ɗinkin yana nan a kan tebur cikin akwatinsa mai mariƙi, tsohon ƙarfe mai nauyin ɗan maraƙi, wanda ya ɗinka kowane labule a ƙauyen. Mama ta ɗan ture shi ta ajiye faranti.

"Sirkka ta ce labulen kicin ɗinku kada ya yi duhu," in ji ta. Sirkka ita ce uwar Severi. "Don in kin kunna fitila in riƙa gani, in san kin tashi lafiya."

"Mama, ina da intabiyu ranar Talata."

"Eh, Severi ya faɗa. Yana da kyau mutum ya je ya ga yadda wasu suke wahala."

Baba yana ƙarshen tebur yana tsoma burodi. Baba mutum ne da idan ya yi jimla biyu a rana, Mama takan taɓa goshinsa ta ji ko zazzaɓi ne. Shi ya kai ni tashar bas. Duk hanya rediyo ne yake magana. Da na zo sauka, sai ya buɗe aljihun mota ya ciro 'yar wuƙarsa ta sassaƙa, mai ƙotar icce, cikin kubenta na fata, ya miƙo min.

"Ta mece ce?"

"Fiƙe sanda. Ko za ku gasa soseji."

"A Helsinki, Baba? A gaban Majalisa?"

"Ba a sani ba," in ji shi.

Litinin da safe na shiga bas ɗin ajinmu a Oulu, ina sheƙi kamar motar da aka fito da ita daga kanti. Tun daga matakala aka fara.

"Jama'a, wa ya kawo mana 'yar shekarar farko?"

"Ku matsa, ku matsa, kada ku ɓata ta!"

Aatu, ɗan sashen gine-gine wanda bakinsa ba ya hutu, ya matso ya shinshina kafaɗata. "Lemun tsami. Jagora, kin ci amanar ƙasa."

"Aatu, naka in aka ajiye shi a ƙasa da kansa zai tafi Helsinki. Koma ka zauna."

Pihla ce kaɗai ba ta yi dariya ba. Pihla da ke dariya a jana'iza. Ta zauna kusa da ni, ta manna fuska a taga, tana kallon itatuwa kamar ba a cikinsu aka haife ta ba.

Ba mu wuce awa ɗaya ba saƙonni suka fara shigowa wayata.

Mama: "Yaushe za ku fito daga Majalisa gobe?"

Mama: "Ki taje gashinki. Kada ki sa wannan hular mai kunnuwa."

Sirkka: "'Yata." Da jajayen zukata guda biyar. Matar da tun da na san ta ba ta taɓa turo min komai ba sai hoton naman kaza tana tambaya ko na ci ne.

Can bayan bas kuwa ana ta waƙa ƙasa-ƙasa. Mu 'yan injiniya ba ma tafiya babu waƙa, wannan ba labari ba ne, sai dai waƙoƙinmu duk na giya ne da zagin 'yan sashen kasuwanci. Wannan kuwa mai taushi ce, har da murya biyu. Ina juyawa sai su yi tsit, kowa ya kama duba waya. Sannan Rauno ya taho yana dafa kujeru.

"Vilja, na ɗan taɓa tsarin gobe. Bayan Majalisa, hoto a matakala."

"Ni ce jagora, Rauno. Ban sa hoto ba."

"Shugaba nagari," in ji shi, "yana barin wuri ga abin da bai shirya ba." Ya koma da sauri, kunnuwansa sun yi ja.

Da muka tsaya shan mai, na ja Pihla bayan injin gahawa.

"Faɗa min."

"Me?"

"Pihla, kin yi awa uku ba ki ci komai ba. Faɗa min."

Ta rufe fuska da hannu. "Ya sa mun rantse. Zai zo da jirgin safe. A matakala, gaban kowa, da zobe. Aatu zai riƙe waya don mamanki da Sirkka su gani kai tsaye. An yi kek, Vilja. Mai hawa biyu."

"Tun yaushe kika sani?"

"Tun Satumba. Na ɗauka za ki ji daɗi! Kowa ya ɗauka za ki ji daɗi. Sai da na ga fuskarki yau cikin wannan wankakken abin."

Wato ajin shugabanci guda, da malaminsu, da uwa biyu, sun zauna sun tsara rayuwata tun Satumba, ni kuwa jagora ina can ina faɗa da direba kan wurin ajiye bas. Kuma sun san abin da suke yi. A ɗaki, tsakanina da Severi, zan iya cewa "dakata." Amma a matakalar Majalisa, gaban waƙa da kek, wace 'yar ƙauyenmu ce za ta kunyata namiji yana durƙushe? Mu da ko miya aka kawo mana da gashi a ciki cewa muke an gode. Zan ce to, a yi tafi, in je intabiyu da zobe a yatsa don in sami gogewa, in dawo in zaɓi labulen da bai yi duhu ba.

Duk da haka ban so in wulaƙanta shi ba, ku rubuta wannan ku ajiye. Na kira shi, bai ɗauka ba. Na sake kira. Sai na rubuta: "Na san komai. Kada ka yi, Severi. Ba a can ba, ba gobe ba. Mu yi magana mu biyu."

Muna shiga Helsinki amsa ta zo: "Kada ki damu. An shirya komai." Da babban yatsa a ɗage.

Talata ta waye da irin ruwan Nuwamban nan wanda ya kasa zaɓa tsakanin ruwa da ƙanƙara. Na sa baƙin wandon intabiyu da farar riga, na ɗora haalari a kai, na sa hular mai kunnuwa. Gashin ma ban taje ba.

A ƙofar Majalisa injin bincike ya yi ƙara a kaina. Na manta wuƙar Baba tana aljihu. Mai gadin ya zare ta daga kube, ya juya ta a haske.

"Daga arewa?"

"Daga arewa."

"Za ki karɓa in kin fito."

Abin da aka nuna mana a ciki, kada ku tambaye ni. Na san mun hau bene mun leƙa zauren, ana muhawara kan gyaran hanyoyi, Rauno yana raɗa mana, "Ku lura da yadda suke jiran juna." Ni ina can ina ciniki da zuciyata. Don ba zan yi muku ƙarya ba, ina son mutumin nan, ko in ce ina son wanda ya zauna a kicin yana zubar da jini a kan kujera. Sai na yi wa kaina alkawari. Zai zo cikin jan haalarinsa, shuɗiyar ƙafata tana jiki. Idan na ga zaren fatsar nan a gwiwarsa, a karkace yadda ya bar shi, zan karɓi zoben, in sa a aljihu ba a yatsa ba, in ja shi gefe mu yi magana kamar mutane. Wanda ya yi wancan ɗinkin zai saurare ni.

Da za mu fita mai gadin ya miƙo min wuƙar. "Wanda ya wasa ta ya san hannunsa," in ji shi. Na mayar da ita aljihu.

"Hoto!" in ji Rauno. "Jagora a tsakiya!"

Ajin ya dare gida biyu a kan matakalar dutsen, suka bar ni ni kaɗai kamar sandar tuta. Aka ɗauki waƙar, mai murya biyun. Aatu ya ɗaga waya ya juyo min fuskarta. Ga Mama da Sirkka sun matsu cikin hoton, sun sha kwalliya, ga kek, ga kofunan da ba a fitarwa sai Kirsimeti. A can kusurwa, kafaɗar Baba.

Sai ga shi yana hawowa daga titi. Jan haalari, farar hular ɗaliban injiniya mai tuntu wadda ba a sawa a Nuwamba sai da izini, ruwa yana bin fuskarsa. Ya yi kyau, Allah ya sani. Wasu 'yan yawon buɗe ido suka tsaya suka ciro wayoyi. Ya iso gabana, ya durƙusa da jar gwiwa, ya kafa shuɗiyar a gaba, daidai inda idona zai sauka.

Farin zare. Na keke. Layi uku, da ɗan kai-da-komowa a ƙarshe.

"Vilja," in ji shi, ya buɗe ɗan akwatin. Waƙa ta yi ƙasa. "Kin san ni ba mai magana ba ne. An gama rufin gidan. Saura ke. Za ki aure ni?"

"Ina zaren fatsar?"

"Na'am?"

"Ɗinkinka. Ina yake?"

Ya kalli gwiwarsa kamar ta wani ce. "Au. Mamanki ta ce in kawo ta gyara, zai fi kyau a hoto. Ai wancan ya karkace, Vilja. Wannan ya fi ƙwari."

"Ka ga saƙona jiya?"

"Na gani."

"Me na ce?"

"Kin ce kada." Ya rage murya. "Na nuna wa mamanki, ta ce tsoro ne kawai, duk mata haka suke yi."

"Ka je ka tambayi Mama me nake nufi da kada."

"To wa zan tambaya?"

Kuma da gaske yake tambayar. Wannan ne ya ƙarasa ni. Babu mugunta ko ɗigo a fuskarsa, yana durƙushe a cikin ruwa yana jiran in gaya masa sunan ofishin da ake kai irin wannan tambayar.

"Ni, Severi. Ina raye."

Masu waƙa sun riga sun yi shiru, sai wani guda a baya da bai ji abin da ake ciki ba, yana ta jan nasa baitin shi kaɗai har aka zungure shi. Na sa hannu a aljihu na zare wuƙar. Wata baƙuwa ta yi ƙara. Aatu ya ja baya da taku biyu amma bai sauke wayar ba, ɗan halak.

Na ɗora jar ƙafar a matakalar sama, na kama yadin, na soka daga saman ɗinkin. Mai gadi ya yi gaskiya, Baba ya san hannunsa. Yadin ya riƙa buɗewa da wani sauti mai daɗi, kyaaat, na bi shi a hankali ina zagaya cinya, don ni injiniya ce, ba na aikin gaggawa.

"Vilja!" Muryar Mama ta fito daga wayar, siririya kamar ta sauro. "Vilja, layi uku na yi masa!"

"Shi ya sa nake yankawa ta sama, Mama."

"Mutane suna kallo!"

"Ai ke kika gayyace su."

Jar ƙafar ta zame ta taru a idon sawuna. A nan jarumtar ta ɗan samu matsala, don ta ƙi wucewa ta kan takalmin sanyi. Na yi ta tsalle da ƙafa ɗaya a gaban Majalisar ƙasa, wuƙa a hannu, har Pihla ta rugo ta riƙe ni tana kuka tana dariya, ta ja takalmin ya fita. Ƙarƙashin inda jar ƙafar take, ga baƙin wandon intabiyu, a goge, da karinsa. Wannan karin ni na yi shi, da hannuna.

Severi ya daɗe yana kallon wandon. "Ashe da gaske kike," in ji shi.

"Tun shekarar farko nake faɗa."

Na ninke jar ƙafar, na ɗora masa a kan akwatin zoben. "Ga taka. Ba ni tawa."

Ya miƙe. Gwiwarsa ta jiƙe sharkaf, kunnuwansa kamar an dafa. "Ba zan tuɓe a gaban Majalisa ba."

"Ba tuɓewa za ka yi ba. Ga wuƙa."

"A'a."

"Severi, ƙafata ce."

"Na ce a'a!" Tantabarun da ke kan matakala suka tashi. Tun da nake da shi ban taɓa jin ya ɗaga murya ba. "Idan kina sonta, ki zo ki karɓa da kanki. Ba a gaban waya ba, ba a gaban waɗannan ba. Ni da ke." Ya juya ga Aatu. "Kai kuma kashe abin nan!"

Aatu ya kashe. Mama ta ɓace tana tsakiyar kalma.

Ku yi min shaida, wannan ce magana ta farko a shekara guda da ta fito daga bakin Severi ba tare da ta biya ta kicin ɗin kowa ba. Kuma abin da na roƙe shi jiya ke nan, kalma da kalma, sai da aka yi asarar wando kafin ya iso wurin. Wani abu ya motsa a ƙirjina. Na ce wa abin ya kwanta, ba yau ba.

Severi ya sauka matakala, jar ƙafar a hammata, bai waiwayo ba. Ajin shugabanci suna tsaye cikin ruwa, shugabannin gobe, babu wanda ya san inda zai sa idonsa.

"Pihla," na ce, ina mayar da takalmi, "daga yanzu ke ce jagora. Bas yana bayan gidan tarihi. Ki ƙirga su kafin ku tashi, Aatu yakan ɓace. A kamfanin gaba ku yi musu waƙar godiya, ba wannan ba."

"Ina za ki?"

"Neman gogewa."

Ina wucewa na ji Rauno ya ce a hankali, "Miƙa ragama," da muryar mutumin da ya shekara yana karanta labarin wani tsuntsu a littafi, yau ga shi ya sauka a tagarsa.

A banɗakin kamfanin na cire haalarin, na cusa a jaka. A nan na yi kukan da zan yi, na wanke fuska, na taje gashin da yatsu. Mutum biyu ne suka yi min tambayoyi, mace da namiji. Mun yi maganar igiyoyin wuta a ƙarƙashin teku, da gishiri, da tsatsa, na ji kaina ya dawo wuyana. Can matar ta duba takardarta ta ce, "Yaushe rabonki da ɗaukar matakin da bai yi wa kowa daɗi ba?"

Na kalli agogon bango. "Ɗazu," na ce.

Sun ce za su kira.

Da na fito fitilun titi sun kama. Na tsaya a rumfar jiran tarago, jirgin ƙasan cikin gari, na kunna waya. Kiran Mama ya cika fuskar har sai an ja ƙasa. Sirkka ta fitar da ni daga zauren hirar iyali, wanda dama ban nemi shiga ba. Pihla ta turo hoton ajin a cikin bas, kowa ya naɗe ƙafar wando ɗaya zuwa gwiwa, har da Rauno. Daga Severi, babu komai. Na duba sau biyu, kuma ba sai kun gaya min abin da hakan yake nufi ba.

Sai ga saƙo daga Baba. Tun da aka saya masa waya, duk abin da ya taɓa rubuta min kalma ɗaya ce: "To." Na ci jarrabawa, To. Mota ta lalace, To. Yau kuwa har layi biyu.

"Mamanki ta hau jirgin yamma. Ta ɗauko keken."

Ina tsaye ina kallon rubutun, tarago ya zo ya buɗe ƙofa ya rufe ya tafi. Wayar ta sake motsi a hannuna.

"Kada ki dawo min da wuƙar tukuna."